Jirgin Zai Kai Jinin, Amma Wa Zai Ba Da Shi?

Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, in ba a kai mata ɗauki ba, tana iya rasuwa cikin sa'a biyu, ko da kuwa da ƙafarta ta taka ta shiga ɗakin haihuwa lafiya ƙalau. Masu aikin karɓar haihuwa sun daɗe da sanin haka. A ganina duk wata muhawara kan jirage marasa matuƙa masu kai jini asibiti daga waɗannan sa'o'i biyun ya kamata ta fara, domin su ne ma'aunin da za a gane ko abin na da amfani ko ado ne kawai.

Mai karatu, ɗauki ƙaramin asibiti a lungu, tsakar dare. Jariri ya faɗo, ya tsala kuka, an yanke cibi, 'yan uwa a waje sun fara yi wa juna barka. Sai ungozoma ta lura jinin ya ƙi tsayawa. Ta murza cikin don mahaifa ta tsuke, ta yi allura, ta ɗaura ruwa. Leɓɓan mai jego sun yi fari, tafin hannunta ya yi sanyi, ta fara cewa ƙishirwa take ji, ido yana ganin duhu. Ungozomar ta san abin da ya rage: ƙarin jini. Ta buɗe firji, babu irin nata. Babban asibitin da ke da ma'ajiyar jini tafiyar sa'a uku ce in hanya ta yi kyau, kuma wanda zai ɗauko sai ya je ya dawo. Ba sai an yi dogon lissafi ba.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa, yana samun mata kusan miliyan 14 a kowace shekara, yana kuma tafiya da rayuka kusan 70,000. Ban da su akwai yaron da zazzaɓin cizon sauro ya ƙarar masa da jini, da mai ciwon sikila, da wanda aka zaro daga cikin mota bayan hatsari. Dukansu jini suke jira, kuma jiransu gajere ne.

Saboda haka tun farko zan faɗi inda na tsaya: ina goyon bayan wannan fasaha, kuma ina ganin ƙasar da ke da wuraren da mota ke shan wuya kafin ta isa, ta yi watsi da ita, ta yi asara. Sai dai goyon bayan nawa da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan su ne abin da masu tallata ta ba su cika son a daɗe a kai ba.

A Ruwanda aka fara gwada abin a matakin ƙasa. A watan Oktoban 2016 kamfanin Zipline na Amurka, bisa yarjejeniya da gwamnatin ƙasar, ya buɗe tasharsa ta farko a Muhanga, daga baya aka ƙara ta biyu a Kayonza da ke gabashi. Ruwanda ƙasa ce ta tsaunuka, hanyoyinta na karkara suna lanƙwasa kamar maciji, in damina ta sauka kuma su koma taɓo. Ghana ta bi sahu a 2019 da tashar Omenako, sannan Najeriya da Kenya da wasu ƙasashen.

Yadda aikin ke tafiya ya cancanci a tsaya a kalle shi. Ma'aikaciyar asibiti ta tura saƙo ta waya: jini rukuni kaza, leda biyu, da gaggawa. A tashar, wani ya zaro ledojin daga firji, ya duba lambarsu a kwamfuta, ya naɗe su cikin ɗan akwati mai laimar takarda. A cusa akwatin a cikin jirgin, a maƙala masa fukafukai da batir, a ɗora shi kan wata doguwar majajjawa ta ƙarfe, a harba. Jirgin ba mai farfela huɗu ba ne irin na masu ɗaukar hoto, kamannin ƙaramin jirgin sama gare shi, yana gudun kusan kilomita 100 a sa'a, yana iya kai saƙo wurin da ke da nisan kusan kilomita 80 ya dawo. In ya kusa, wayar ma'aikaciyar ta yi ƙara, ta fito fili. Jirgin ba ya sauka. Yana rage tsawo, ya buɗe cikinsa ya saki akwatin, laimar ta buɗe, kayan su sauko a hankali, shi kuma ya juya. Can gida wata igiya ce da aka miƙe tsakanin sanduna biyu take cafke ƙugiyar da ke wutsiyarsa. A sauya batir, a ɗora wani saƙon.

Kowa sauri yake gani, kuma saurin gaskiya ne. Amma abin da ya fi burge ni a tsarin ba ya fitowa a bidiyo.

Jini abu ne mai lalacewa. Jajayen ƙwayoyin jini suna buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 6, kuma ba sa wuce kwana 35 zuwa 42. Ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare a bakin rauni sun fi haka wuyar riƙo: kwana biyar zuwa bakwai ne ransu, ba a sa su a firji, kuma sai ana jijjiga su a hankali dare da rana. Ruwan jini kuwa daskarar da shi ake yi. Ga rukunin jini manya har takwas. To shugaban ƙaramin asibiti yana tsaka mai wuya. In ya tara kowane iri don gudun ɓacin rana, yawanci zai lalace a hannunsa a zubar, musamman in wuta na ɗaukewa. In ya ajiye kaɗan, ranar da aka kawo mai rukunin da ba shi da shi sai ya tsaya yana kallo. Shekara da shekaru haka asibitocin karkara suke: gaba kura, baya sayaki. Jini na ruɓewa a firjin wani asibiti alhali a wani asibitin ana neman irinsa ruwa a jallo.

Jirgin ya warware wannan ƙulli. Tunda ana iya kai jini cikin ƙasa da sa'a guda, ba sai an rarraba shi asibiti-asibiti ba. A tara shi wuri ɗaya mai tsayayyiyar wuta da ƙwararrun masu kula, duk wanda ya buƙata a aika masa daidai abin da ya nema. Wani bincike da mujallar Lancet Global Health ta wallafa a 2022 ya bi diddigin saƙonnin jini sama da 12,000 da aka kai wa asibitoci 20 a Ruwanda daga 2017 zuwa 2019. An samu cewa matsakaicin lokacin isar saƙo kusan minti 50 ne, wanda ya fi tafiyar mota sauri da fiye da sa'a guda, sannan jinin da ke lalacewa a asibitocin ya ragu da kashi 67 cikin 100 bayan shekara ɗaya. Wannan adadi na biyu shi ne nake so a riƙe. Kowace ledar da ba ta lalace ba, wani mutum ne ya miƙa hannunsa aka zuƙa, kuma yanzu kyautarsa ta isa jikin mai buƙata.

Sai batun ƙirƙirarriyar basira, wadda yanzu ba a tallar komai sai an liƙa sunanta. Ya kamata a rarrabe aya da tsakuwa. Yawancin tafiyar jirgin bin hanyar da aka shata masa yake yi da taimakon tauraron ɗan'adam, kuma akwai mutane a tasha suna sa ido, suna magana da hukumar kula da sararin samaniya. Inda basirar ke shigowa da gaske wuri biyu ne. Na farko kauce wa karo: an ƙera wa wasu jiragen na'urorin jin sauti a fukafukansu, su ji ƙarar wani jirgin tun daga nesa su kauce masa. Wannan ba ni da ja a kai. Na biyu shi ne hasashe, wato kwamfuta ta duba bayanan shekarun baya ta ce mako mai zuwa yanki kaza zai buƙaci leda kaza ta rukuni kaza, lokacin zazzaɓin cizon sauro ya kusa, a ƙara ajiya, ko ledar nan saura kwana uku ta lalace, a fara fitar da ita. Aiki ne da kwamfuta ta fi ɗan'adam iyawa, kuma yana rage ɓarna.

A nan ne nake da fargaba. Kwamfuta daga abin da aka rubuta take koyo. Asibitin da ya shekara goma bai nemi jini ba, a idonta asibiti ne da ba ya buƙatar jini. Alhali ta yiwu ma'aikatansa sun daina nema ne don sun san ba za a kawo ba, sai su tura maras lafiya gaba, ya cika a hanya, ba a rubuta shi a littafin kowa ba. Macen da ta haihu a gida jini ya tafi da ita, ba ta cikin bayanan. In aka bar na'ura ta tsara rabon jini da inda za a kafa sabuwar tasha bisa waɗannan littattafai kaɗai, za ta ci gaba da ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi, ta manta da waɗanda dama an manta da su, kuma za a ce ai lissafi ne ya nuna. Dole a sami mutanen da suka san yankin su zauna kusa da ita, su riƙa tambaya: ina wuraren da ba mu taɓa jin muryarsu ba, kuma me ya sa suka yi shiru? Haka kuma ranar da leda ɗaya ta rage ana nemanta a wuri biyu, likita ne ya kamata ya yanke hukunci ya ɗauki nauyinsa. Ba na son ranar da za a ce wa dangin mamaci na'ura ce ta zaɓa.

Babban sharaɗin kuwa shi ne wanda na sa a kan wannan sharhi. Jirgi ɗan aike ne. Abin da aka ba shi yake kaiwa.

Har yau babu masana'antar da ke sarrafa jinin da za a ƙara wa mutum a asibiti, daga jikin wani mutum ake samunsa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna ana tara gudummawar jini kusan miliyan 118 da rabi a shekara, kuma kashi 40 cikin 100 na wannan a ƙasashe masu arziki ake samu, inda kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya kaɗai ke zaune. A can cikin mutum dubu ana samun gudummawa sama da 31, a ƙasashe matalauta kuwa biyar. An daɗe ana ƙiyasin cewa ƙasa na buƙatar aƙalla goma cikin dubu kafin ta biya buƙatunta na yau da kullum. Wato a wuraren da jirgin ya fi amfani, a nan ne firjin ya fi zama fanko.

Masu kafa hujja da Ruwanda sukan tsallake wani abu. Kafin jirgi na farko ya tashi, ƙasar tana da cibiyar jini ta ƙasa wadda ke tara jini daga masu bayarwa don raɗin kansu ba tare da biya ba, ta gwada shi, ta rarraba shi kashi-kashi. Jirgin ya tarar da gini ne ya ɗora rufi. A ƙasashe da dama kuwa abin da ake yi har yanzu shi ne nas ta leƙo ta ce wa 'yan uwa, "Ku je ku nemo wanda zai ba da jini." Sai a shiga buga waya, a nemo ƙani ko aboki, a gwada a ga bai dace ba, a koma neman na saye a hannun wanda ya mai da jininsa sana'a, wanda kuma shi ne ya fi zama haɗari wajen yaɗa cuta. A irin wannan tsari me za a ɗora wa jirgin? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace leda sai an tantance ta daga cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta iri biyu, da tunjere, kuma wannan aiki ne na ɗakin gwaji da sinadarai da ma'aikatan da ake biya albashi a kan lokaci. Babu mai ɗaukar hotonsu, shi ya sa kasafin kuɗinsu ne ake fara yankewa.

Ni kaina na taɓa kwanciya a kujerar ba da jini. An soki yatsana aka duba ko ina da isasshe, aka ɗaure min dantse, allura ta shiga, ledar tana lilo a kan ɗan ma'auni har ta cika, kusan mililita 450, cikin minti goma. Abin da ya tsaya min a rai shi ne kujerun da ke gefena, duk babu kowa, ma'aikaciyar kuma ta yi ta godiya kamar na yi wani abin a zo a gani. Gwamnatin da ta sa hannu kan kwangilar jirage ba ta ware kuɗin cika waɗannan kujeru ba, ta gina rijiya ne a inda ba ruwa.

Akwai kuma hannun da zai karɓa. Akwatin ya sauko da laima, to sai me? Sai an sami wanda ya iya gwada dacewar jinin da na maras lafiya, ya iya samun jijiya a hannun da ya riga ya yi sanyi, ya san alamun jikin da ya ƙi karɓar jini. Ruwan jinin da aka daskarar sai an narkar da shi yadda ya dace. Kuma ƙarin jini cike gurbi ne kawai, in ba a toshe inda yake zuba ba an yi ba a yi ba. Wata matar tiyata take buƙata, jirgin da ke ɗaukar abin da bai kai kilo biyu ba, kusan leda uku, ba zai kawo mata likitan fiɗa ba, ba kuma zai ɗauke ta ya kai ta ba.

Sannan akwai abubuwa masu arha da ke hana a kai ga buƙatar jinin tun farko. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci kusan 80 a Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya kan mata sama da 200,000, ya nuna cewa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a ga ainihin yawan jinin da ta zubar, tare da ba ta duk magungunan farko a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100. Kafin nan, a 2017, wani gwajin kan mata 20,000 ya nuna allurar tranexamic acid, in an yi ta cikin sa'a uku da haihuwa, tana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Leda da allura. Ministan lafiyar da ke da kuɗin abu ɗaya tak, ni dai zan ce masa ya fara da waɗannan.

Wannan ya kawo mu kan masu suka, kuma ba na raina su. Lokacin da Ghana ke shirin ƙulla tata yarjejeniyar a ƙarshen 2018, ƙungiyar likitocin ƙasar ta nemi a dakata, tana cewa ƙarancin ma'aikata da kayan aiki ne ya fi damun asibitoci. Wasu kuma cewa suke a gyara hanya, a sayi motocin ɗaukar marasa lafiya, domin hanya tana amfanar mai naƙuda da manomi da ɗan makaranta gaba ɗaya. Gaskiya suka faɗa. Inda na rabu da su shi ne lokaci. Shimfiɗa titi zuwa kowane ƙauye aikin shekaru ne masu yawa da kuɗi masu nauyi, tashar jirage kuwa cikin watanni ake kafa ta, ta kuma rufe da'irar kilomita 80 ta kowace fuska, har da tsibirai da bayan kogi da wuraren da rashin tsaro ya hana mota bi da dare. Matar da za ta haihu a daminar bana ba za ta jira titin ba. A cikin birni kuwa, inda asibitoci ke kusa da juna, sau da yawa babur mai akwatin sanyi ya wadatar, kamar yadda kamfanin LifeBank ke yi a Legas. Kowane wuri da abin da ya dace da shi, kuma gwamnatin da ta sayi jirgi don a gan ta da jirgi ta ɓarnatar da dukiyar jama'a.

Abin da ya fi titi damuna shi ne dogaro. In ƙasa ta kwashe jini daga ƙananan asibitoci ta tara a tasha ɗaya, ta ɗora rayukan mutanenta kan igiya guda. Ranar da guguwa ta hana tashi fa? Ranar da gwamnati ta kasa biyan kamfani, ko kamfanin ya ga cinikin bai yi masa ba ya naɗe tabarmarsa? Asibitin da ya saba dogara da sama ya riga ya manta hanyar ƙasa. Don haka kwangila irin wannan bai kamata ta zama sirri tsakanin minista da kamfani ba. A buga ta kowa ya gani: nawa ake biya kan kowane tashi, wa ke da bayanan marasa lafiya da ake tarawa, 'yan ƙasa nawa aka koya wa gyara da sarrafa jiragen, wane tanadi aka yi in sabis ya tsaya. A kuma bar 'yar ajiya ta rukunin O, wanda ake iya ƙara wa yawancin mutane, a asibitocin da ke karɓar haihuwa da yawa, ko da jirgi na zuwa. Mutanen da jirgin zai riƙa ratsawa ta kansu su ma a yi musu bayani tun kafin ya fara, domin a wurare da dama ƙarar jirgi maras matuƙi tsoro take kawowa, kuma suna da dalilinsu.

Kamfanoni da ma'aikatun lafiya suna son sanar da yawan tashin da jiragensu suka yi da kilomitocin da suka cinye. Akwai adadin da na fi so in gani a rahoton kowane wata, asibiti-asibiti, yanki-yanki: sau nawa ma'aikaciya ta tura saƙon neman jini aka amsa mata da cewa babu, wane rukuni ta nema, kuma me ya sami maras lafiyar da ta nema dominsa.